Motar Baba da Ruwan Satumba

Muna neman izininku mu ba da labarin wata tsohuwar mota, da yadda ta kusa jawo mana nauyin da ba za mu iya ɗauka ba gobe kiyama.

Mu biyar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bari a unguwar Hajara ta birnin Sabha, a yankin Fezzan na ƙasar Libiya. Daga Maraɗi ya zo yana saurayi, ya yi dako, ya yi gini, har Allah Ya hore masa ya sayi Peugeot 504 ta hannu, wadda kowa ke kira Fijo. A 1968 aka fara ƙera irinta a Faransa, a 1975 kuma aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna, wanda ya ci gaba da fitar da ita shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Da Baba ya rasu an raba komai, amma ban da motar, domin babu wanda ya iya buɗe baki ya ce a sayar. Aka bar ta a hannunmu, mu manya biyu, alhali Inna da ƙannenmu uku suna da haƙƙi a cikinta.

Muka ajiye ta a tsakar gida babu rumfa, babu tamfol. A tunaninmu tsatsa ciwon motocin bakin teku ne, ba na Sabha ba, inda ruwan shekara guda da ƙyar yake kai milimita 10. Sai ga watan Satumba na 2024, aka yi ruwan da ya cika titunan birnin, ya shiga gidaje, ya rusa katangu. Muka shagala da gyaran ɗaki, ba mu buɗe motar ba sai bayan kusan wata biyu. Warin danshi ne ya fara tarbar mu. Da muka ɗaga kafet, sai muka tarar da tsumman da ke ƙarƙashinsa sharkaf, ƙarfen wajen taka ƙafa ya yi ja, wani wurin ma sukudireba na ratsa shi.

Muka ɗauko wani dattijo mai walda, mutumin Damagaram. Ya zaga motar, ya latsa robar gilashin gaba da farce, ta ɓantare kamar busasshen ƙuli. Ya ce, “Samari, ruwa bai yi muku laifi ba. Rana ce ta daɗe tana aiki, shi kuwa ya tarar da ƙofa a buɗe.” Gaskiyar masu iya magana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin rana ya ƙone robobin gilashi da na ƙofofi. Yashi kuma ya toshe ƙananan ramukan da kamfani ya huda a gindin kowace ƙofa da ƙarƙashin gilashin gaba domin ruwa ya fita. Tsatsa ba ta bukatar komai sai ƙarfe da iska da laima, yashin nan kuwa ya riƙe laimar kamar soso.

Mun so a fara da fenti, dattijon ya hana. Ya ce sai an gano inda ruwa ke shiga tukuna. Aka cire kujeru da kafet, aka shanya, aka barbaɗa hoda a ƙasan motar. Ɗayanmu ya zauna ciki da tocila, ɗayan yana zuba ruwa da buta a hankali, daga ƙasa yana hawa sama, domin wanda ya fara daga rufi ba zai san ta inda ya ɓullo ba. Sawun ruwa a kan hodar ya nuna mana wurare uku: kusurwar gilashin gaba, ƙofar direba, da gefen fitilar baya da ke zuba cikin but.

Daga nan aka shiga aikin ƙarfe. Aka cire batir, aka kawar da bututun mai daga inda wuta za ta taɓa. Inda ƙarfe ya ruɓe aka yanke har sai da aka kai ga mai lafiya, aka yi waldar sabon falle. Inda tsatsar ba ta yi nisa ba aka kankare da burushin waya da samfefa, aka shafa maganin da ke mayar da ita baƙa, sannan jan fenti, sannan fentin sama. Aka sa sababbin robobi, aka zura waya aka buɗe ramukan fitar ruwa. Wani ya ba mu shawarar mu cike ramin da ƙullin gyaran jiki mu fenta, mai saye ba zai gane ba. Inna ta ji daga ɗaki, ta ce, “Algus ba zai hau motar mahaifinku ba.”

Saura maganar kuɗi. Mun yi niyyar cire kuɗin gyara daga rabon kowa, muka je wajen malamin unguwarmu. Ya bayyana mana cewa mai riƙon amana ba ya biyan abin da ya salwanta ba da laifinsa ba, amma idan ya yi sakaci, biya ya hau kansa. Ya tambaye mu ko mun taɓa rufe ta. Muka sunkuyar da kai. Mu biyu muka biya daga aljihunmu, aka yi wa motar ƙima a gaban shaidu, babbanmu ya saye ta, Inna ta karɓi tumuninta, kowa ya karɓi rabonsa.

Ya ku ’yan’uwa, duk wanda ke da wani abu na gado a ajiye, mota ce ko fili ko keken ɗinki, ya tara magada a raba tun bai lalace ba. Masu mota kuma su duba robobi da ramukan ƙofa ko da sararin sama ya yi tas. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon sauke amana, amin.