Wa Za A Ba Garwashi?

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, Tambuwal takan zama wani gari dabam. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, shi ne za ka ga dattawa sun naɗe fuska da rawani har hanci, 'yan kabu-kabu sun sa safa a hannu, yara sun yi furu-furu kamar an birkiɗa su cikin toka. Da asuba awon yanayi kan sauko wajen digiri 15. Mazaunin Turai zai yi wa wannan adadi dariya. To ya zo ya tsoma hannu a ruwan randa da ƙarfe biyar na safe, jaura na shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure, sannan mu yi magana.

A Ingila da ire-irenta akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bango. Mai gida zai murɗa ta zuwa lambar ɗumin da yake so, ita kuma ta riƙa kunna injin ɗumama gida tana kashewa, don ɗaki ya tsaya a wannan lambar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya sa kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, sai wannan lambar ta zama abin gardama tsakanin miji da mata a can: a ƙara ɗaya a ji ɗumi, ko a rage ɗaya a tsira da aljihu.

A gidanmu wannan aikin yana hannun Inna. Ita ke sanin icce nawa zai shiga murhu, kuma ita ke yanke wanda zai mori abin da ya rage. Ɗaurin icce guda ne zai dafa tuwon dare, ya ɗumama ruwan alwala da asuba, ya dama kunu. Bayan an sauke tukunya, garwashin da ya saura ba ya wuce cikin kasko ɗaya, ga ɗakuna huɗu. Tsarinta ba ya canzawa: Kaka tukuna, saboda ƙafafunta da ke ciwo in ɗari ya kama. Idan akwai mai jego a gidan, ita da jaririnta sun sha gaban kowa, har da Kaka, kuma ruwan wankanta kaɗai yakan ci iccen da zai ciyar da gida kwana biyu. Yara ƙanana a cusa su wuri ɗaya ƙarƙashin bargo, su ɗumama juna. Mu samari ba ma cikin lissafi. In ka yi ƙorafi sai ta ce, “Kai da jini ke gudu a jikinka? Tafi wurin mai shayi.” Kuma can muke tafiya, a sayi kofi ɗaya a yi awa biyu a gefen wutarsa. Ina jin rabin cinikin masu shayi a hunturu kuɗin jin ɗumi ne.

Wannan rabo ya daɗe, lissafinsa ne ya ƙara tsauri. Kaka ta ce a zamaninsu ba a sayen ɗumi. An gama girbi, karan dawa da na gero na zube a gona, sabara da geza na bayan gari, kashin shanu busasshe kuwa sai wanda ya ƙi tsinta. Yanzu kara ma kuɗi ne, don masu kiwo na nemansa, masu shinge na nemansa. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Motar da ke ɗauko icce da fetur take tafiya. Ma'aikatan da suka saba da gas ko risho, da abin ya fi ƙarfinsu, sai suka dawo layin gawayi suka tarar da mu. Mai gawayi bai cika ƙara kuɗin ƙulli ba, ledar ce kawai ke ƙanƙancewa.

Dangin Inna suna ƙasar Kebbe, kuma a da mukan yi musu kallon masu arzikin wuta, tunda daji na kusa da su. In an zo ziyara har da tsarabar gawayin ƙirya, wanda ke daɗewa yana ci ba tare da tartsatsi ba. Yanzu ƙiryar ta yi nisa, sai an nutsa sosai kafin a ga babba, ga shi rashin tsaro ya sa shiga daji ya zama abin da ake shawara a kansa kafin a fita. Wani kawuna ya ce min, “Ɗana, iccen na nan, kai ne ba ka da tabbacin dawowa da shi.” Su ma sun koma sassabe dogon yaro na bakin gida, mai hayaƙi da ɗaci.

Akwai kuma asarar da muka jawo wa kanmu da gini. Ɗakin Kaka na ƙasa ne, katanga mai kauri, rufin azara. Yakan sha rana wuni guda, ya riƙe ɗumin, ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Namu na bulo da kwano ne, babu silin. Rana na faɗuwa kwanon ya huce, kafin tsakar dare ɗakin ya zama kamar randa. Mun kira shi ci gaba, kuma ba na musun cewa ya hutar da mu yaɓe duk shekara kafin damina, amma kowane hunturu muna biyan bambancin da gawayi.

Inda na fi jin tsoro shi ne dabarar tattali da kowa ya sani: a shiga da kasko, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, don ɗan garwashin ya kai safe. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da sau 200 a kan yadda iskar numfashi ke kama shi, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi alhali mutum na barci. Wanda ya yi sa'a ya farka da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a ce mura ce ko sanyi ya buge shi. Jariri da tsoho su ta fi saurin kayarwa, wato waɗanda Inna ta fifita da kasko saboda ƙauna. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita.

Na kawo wannan maganar a gida bara, Inna ta ce tun kafin a haifi ubana ake kwana da kasko. Gaskiya ta faɗa, sai dai ɗakunan da suna da asabari a ƙofa da kafofi ta ko'ina, ba ƙofar ƙarfe da tagar gilashi ba. Mun yi ta ja har muka tsaya a kan wannan: kasko zai shiga ɗakin Kaka bayan isha'i, taga a buɗe, ya ɗumama shimfiɗa, a fito da shi kafin ta kwanta. Kuɗin gawayin da aka rage na haɗa da nawa na sayo mata bargo na biyu da safa a gwanjo. Kaka ta karɓi bargon, safar kuwa ta ce ba za ta kwana da takalmin Bature ba, ta ba jikanta.