Komawa Ga Japananci da Ma'aunin Shekara

Harshen da mutum ya taɓa koya barci yake yi idan aka ajiye shi, kuma sassansa ba sa farkawa lokaci guda. A bana na koma karatun Japananci bayan shekara tara da binciken digiri na uku da ɗawainiyar koyarwa suka raba mu. Baƙaƙen hiragana 46 da na katakana 46 sun dawo mini cikin mako biyu. Kanji kuwa, wato haruffan da Japanawa suka aro daga Sin, sai da na koma tushe.

Abin da ya maido ni tambaya ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A 1774 likita Sugita Genpaku da abokansa suka buga fassarar wani littafin ilimin sassan jiki daga harshen Holan, alhali saninsu da harshen kaɗan ne. Bayan sauyin Meiji na 1868, Japanawa suka duƙufa wajen ƙirƙirar kalmomin kimiyya, har ya zama a yau ɗalibi na karanta likitanci da injiniyanci da harshen gidansu. Ni da nake ganin yadda Turanci ke shiga tsakanin ɗalibaina da ilimi, ina son karanta tarihin wannan aiki daga alƙalamin masu shi.

Buri irin wannan kan karya gwiwa muddin ba a yanka shi gunduwa-gunduwa ba, kuma a nan ma Japanawa sun koya mini dabara. Jerin kanji na amfanin yau da kullum da gwamnatinsu ta sabunta a 2010 ya ƙunshi 2,136. Ba a ɗora wa yaro su a tashi ɗaya: 80 a ajin farko na firamare, 160 a na biyu, 200 a na uku, har su kai 1,026 cikin shekara shida.

Don haka ma'aunina na bana abu uku ne: kanji 440 na azuzuwa ukun farko, kusan tara ke nan a mako, rabin awa kullum bayan sallar Asuba, sai jarrabawar JLPT a matakin N4 cikin Disamba. Na auna su ne da makon da ya fi kowane cunkoso, makon duba takardun jarrabawa, domin tsarin da ya tsira a wannan mako zai kai ƙarshen shekara.

Bahaushe ma yana da jari a wannan tafiya. Kunnen da ke bambance farin launi da farin rashin ruwa ba zai wahala da obasan, gwaggo, da obaasan, kaka, ba.

Shawarata ga ɗalibin da ya ajiye wani harshe, Larabci ne ko Faransanci, ita ce ya rubuta adadin da zai iya ƙirgawa da ranar da zai yi wa kansa hisabi. Da yayyafi kogi kan cika.