Azare Ko Katagum: Ina Ya Kamata Baƙo Ya Sauka?

Mutane da dama sukan je Azare su kwana biyu, su komo gida suna cewa sun ga Katagum. Ba laifinsu ba ne, gama Sarkin Katagum a Azare yake zaune, Ƙaramar Hukumar Katagum kuma nan ce hedkwatarta. Amma garin da ya haifi wannan suna yana can arewa, kimanin kilomita 70, a bakin kogin Jama'are, shi ne kuwa hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Saboda haka duk wanda ya yi niyyar ziyarar wannan ƙasa sai ya fara shawarar inda zai ajiye kayansa. Irin shawarar nan ce masu yawon buɗe ido ke yi a ƙasar Italiya, watau ko su sauka birnin Florence, ko kuwa ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Malam Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Katagum, ya rasu a 1814. Shekara 10 bayan rasuwarsa Turawan nan biyu, Clapperton da Likita Oudney, suka biyo ta nan daga Barno za su Kano. Oudney bai kai ba, ya mutu a Murmur ran 12 ga Janairu, 1824. Clapperton kuwa ya rubuta cewa ya tarar da Katagum gari ne mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu. Turawan mulki sun iso a 1903, sa'an nan a 1916 aka ta da gadon sarauta zuwa Azare. Tun daga ran nan arziki ya bi sarauta.

Wanda ya sauka Azare ba ya rasa kome na jin daɗi. Garin yana bisa babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga masaukan baƙi da bankuna, ga kasuwa da babban asibitin tarayya. In ya dace da lokacin Salla zai ga hawan Sarki a ƙofar fada. Daga nan kuma Jama'are da Misau da Gadau duk tafiyar yini ce, a je a komo. Aibin abin ɗaya ne: mai kwana Azare ba ya isa Katagum sai rana ta take, kafin la'asar kuma direba ya fara duban agogo. Ya ga gari, amma bai ji kome ba.

Wanda ya kwana Katagum shi ke ganin masunta da asuba suna jan taru, da manoman fadama suna ban ruwa kafin hantsi. Shi ke samun zama da dattawa bayan sallar lisha, lokacin da labarin Malam Zaki da yaƙe-yaƙen Barno ke fitowa. Sai dai ya kamata ya nemi mai masauki tun kafin ya taso, in ya iso kuma ya fara kai gaisuwa wurin shugabannin gari, kamar yadda aka gada.

Abin da zai raba gardamar nan shi ne lokaci. Da damina kogin yakan yi ambaliya, a 2022 ma ya ci gonaki da gidaje masu yawa a ƙasar Zaki. Daga Yuli zuwa Satumba, hankali shi ne a zauna Azare, a tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a kama ta. Amma daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, baƙon da ke da kwana uku ya ba Azare biyu, ya ba Katagum ɗaya. Gani ya kori ji, kwana kuwa ya fi leƙe.