Samowa, Inda Tabarma Ta Shiga Coci

Lokacin da fatake ke kora ragowar shanunsu daga kasuwar Maigatari da yammacin Alhamis, mutanen Samowa sun riga sun wayi garin Juma'a. Awa 12 cif ke tsakaninmu da su. Ƙasar tsibirai ce a tsakiyar tekun Fasifik, manyan guda biyu su ne Upolu da Savai'i, jama'arta kuwa dubu 200 ne da 'yan kai, ko rabin mutanen masarautar Gumel ba su kai ba. Ta birnin Auckland na ƙasar Niyuzilan na bi, jirgi ya sauke mu a filin Faleolo, mota ta ɗauke mu zuwa Apia, babban birnin ƙasar.

Tun a wannan hanya baƙo zai gane irin mutanen da ya zo wa. Teku na hagu, ƙauyuka na dama, kowane ƙauye da cocinsa, wani biyu wani uku, kuma cocin ya fi kowane gida girma da kyan fenti. Gidajen gargajiyarsu ba su da bango, ginshiƙai ne kawai da rufi, kana wucewa kana ganin tsohuwa tana saƙa, yara na kwance a tabarma. Kaburburan iyaye a ƙofar gida suke, an lulluɓe su da siminti, har ka ga jika ya hau na kakansa yana shan iska. Da almuru a ƙauyuka da dama sai a buga tsohuwar tukunyar gas da aka rataye a bishiya, ko a busa ƙaton ƙoƙon katantanwar teku. Daga nan kowa ya shige gida addu'a, samarin gari su tsaya a bakin titi suna tsare doka, mai tafiya a ƙasa ya nemi wuri ya zauna sai an gama. Taken da ke jikin tambarin ƙasar ma cewa yake a kan Allah aka kafa ta.

Katolika ba su ne suka fara zuwa ba, kuma har yau ba su ne mafi yawa ba. A 1830 wani Bature ɗan mishan daga Ingila, John Williams, ya sauka a Sapapali'i, sarki Malietoa Vainu'upo ya karɓe shi, cocin da ya samo asali daga wannan zuwa shi ne mafi girma a ƙasar. Sai bayan shekara 15, a 1845, limaman Katolika biyu Faransawa, Fada Roudaire da Fada Violette, suka iso daga tsibirin Wallis, inda bishop ɗinsu Bataillon yake zaune. Shekara huɗu kafin nan aka kashe ɗan ƙungiyarsu, Fada Chanel, a tsibirin Futuna, saboda haka sun san abin da suka fito nema. Sun tarar an riga an ɓata sunan Fafaroma a kunnen jama'a, aka yi ta juya musu baya, har wani basarake mai sarautar Tuala a garin Lealatele ya ba su masauki. A garinsa aka fara ibadar Katolika a Samowa. Violette ya zauna ya ƙware a harshen, har ya wallafa ƙamus nasa a 1879. Yau mabiya wannan coci sun kusa mutum ɗaya cikin biyar, kuma sun fitar da manya: Mata'afa Iosefo, basaraken da Turawa suka kai gudun hijira tsibirin Jaluit a 1893, da Tuilaepa, wanda ya riƙe firaminista daga 1998 zuwa 2021.

Na hau jirgin ruwa daga Mulifanua zuwa Salelologa don in ga inda abin ya faro, sai na tarar ƙasar ma ta sauya kama. Dutsen Matavanu ya yi aman wuta daga 1905 zuwa 1911, narkakken dutse ya malalo har teku, ya binne gonaki da ƙauyuka. Mutanen yankin Lealatele suka ƙaura Upolu, suka kafa garin Leauva'a, suka tafi da addininsu. A Saleaula mutum kan taka baƙin dutse mai kama da daskararren kwalta, zafinsa na ratsa takalmi. Akwai kangon wani coci na ɗarikar su John Williams da wutar ta shiga ta ƙofa, har shatin kwanon rufin da ya faɗo ya fito a jikin dutsen. Gaba kaɗan akwai rami, a ƙasansa kabarin wata budurwa da masu garin ke cewa mai koyon aikin sista ce, wutar ta zagaye shi ba ta rufe shi ba. Su sun ɗauke shi karama. Ni dai na leƙa, na ga kabari da furanni.

Babban cocin Katolika yana Mulivai, a bakin ruwan Apia. Tsohon ginin ya jijjiga a girgizar ƙasar Satumbar 2009, aka rushe shi, aka buɗe sabo a 2014. Daga waje fari ne da shuɗi. Ciki kuwa sai wuyanka ya gaji da kallon sama, domin rufin duk katako ne da aka sassaƙa da zanen gargajiyarsu. A cikin ƙubbar an zana Maryam tana zaune tare da sarakunan Samowa a da'irar shan 'ava, wato jiƙon saiwar da suke karɓar babban baƙo da shi. A matsayina na Musulmi zanen bayin Allah ba abin da na saba da shi ba ne, kuma aƙida ta raba mu. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma na fahimci saƙon mai zanen: baƙon addini ya zama ɗan gari.

Wannan aikin mutum guda ne ya fi kowa tsaya masa, Pio Taofinu'u. An haife shi a 1923 a Falealupo, can ƙarshen yammacin Savai'i. Ya zama fada a 1954, bishop a 1968, shi ne na farko daga dukkan tsibiran Folinesiya. Shi ya tarbi Fafaroma Paul na Shida a ƙarshen Nuwamba 1970, lokacin da Fafaroman ya jagoranci ibada a Leulumoega, shi ne kuma ya naɗa shi kadinal a 1973. Har ya rasu a 2006 matsayinsa bai sauya ba, cewa Basamowe ba sai ya tuɓe al'adarsa a ƙofar coci ba. Ya shigar da furanni na wuya da sandar mai magana da yawun sarki cikin ibada, ya kuma shigar da abin da ya fi komai tsaya mini a rai, wato ifoga.

Ga yadda ifoga take. Idan wani ya yi babban laifi, kisa ko jikkata mutum ko keta mutuncin gida, ba shi kaɗai ke ɗaukar kunyar ba. Tun kafin asuba shugaban danginsa zai ɗebi manyan gida su je ƙofar waɗanda aka zalunta, su zauna a ƙasa, su sunkuyar da kai, a lulluɓe su da wata tabarma da suke kira 'ie toga. Da ganyen wata shuka mai kama da kaba mata ke saƙa ta, sirara ƙwarai har ta yi laushin yadi, bakinta da jan gashin tsuntsu, guda ɗaya takan ci watanni, wata ma shekaru. A da har itace da duwatsun gashi suke kai wa, ma'ana ga mu, in kun ga dama ku gasa mu. Haka za su zauna, rana ta fito ta doke su, ko ruwa ya sauka a kansu, ba mai motsi. Sai in masu gida sun huce, babbansu ya fito ya yaye tabarmar da hannunsa, a shiga ciki a yi magana. Kotunan ƙasar kan duba ko an yi ifoga kafin su yanke hukunci. A Agustan 2021 firaministar Niyuzilan, Jacinda Ardern, ta zauna aka lulluɓe ta da irin wannan tabarma a Auckland, tana neman gafarar samamen asuba da 'yan sandan ƙasarta suka riƙa kai wa 'yan tsibirai a shekarun 1970.

Na nemi izini na zauna a bencin baya na coci ranar wani babban bikin Katolika. Da aka zo wurin neman gafarar zunubi, sai wasu dattawa suka fito gaba suka durƙusa, mata biyu suka ware tabarmar suka rufe su ruf. Cocin ya yi tsit, sai waƙa a hankali, muryoyi huɗu ba ganga. Ɗaya daga cikin dattawan ƙato ne, irin wanda in ya yi tsawa ƙauye zai watse, amma ina hango tafin ƙafarsa ta ƙarƙashin tabarmar yana rawa. Limamin ya sauko ya yaye ta. Matar da ke kusa da ni tana share hawaye da gefen mafici.

A wurinmu ma akwai ban-haƙuri. Duk kaka, idan shanu suka faɗa gonar gero ko riɗi a Sule Tankarkar ko Gagarawa, akan taru gaban dagaci da arɗo, a kimanta ɓarna, a biya. Sai dai mu kan aika manzo, mu yi cinikin diyya, babba ya tsaya a inuwa yana kare girmansa, shi ya sa sau da yawa ake biyan kuɗi zuciya ba ta huce ba, baɗi a sake. Mu ke cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, su ke aikata shi.

Ba komai ne na yaba ba. Gina coci da hidimar malamansa, a kusan duk ɗarikun ƙasar, nauyi ne a wuyan talaka, kuma kaso mai tsoka na kuɗin da 'ya'yansu ke aikowa daga Niyuzilan da Ostireliya can yake tafiya. Su kansu suna gunaguni a kai. Amma ana ganin inda wani kason ya shiga: kwalejin Chanel a Moamoa, makarantar koyon sana'a ta Don Bosco a Alafua, da gidan tsofaffi na Mapuifagalele da sistoci ke kula da shi.

Ɗan'uwa, in Allah ya nufe ka da zuwa, ka yi sayayyarka tun ranar Asabar, domin Lahadi kasuwa a rufe take, kowa ya sa fararen kaya ya tafi ibada. Za a gayyace ka cin abincin rana, ka faɗa musu tun da wuri ba ka cin alade, za su cika maka gaba da kifi da gwaza da madarar kwakwa. Kada ka yi magana a tsaye a gaban manyansu, kada kuma ka miƙe ƙafa kana fuskantarsu.