Tafiyarmu Riruwai: Yadda Na Ratsa Dajin Falgore Da Motar Da Ba Ta Tashi Sai An Tura

A wannan wata zan ba ku labarin tafiyar da muka yi da kakar shekarar 2022 daga Kano zuwa Riruwai, garin su maigidana, domin gaida surukata da kwaso masarar da aka noma mana.

Ni ce a sitiyari. Maigida ya faɗi a kan babur an yi masa ɗori a ƙafar hagu, ita ce kuwa ƙafar kuloci. Motar tamu a-kori-kura ce, Toyota Tacoma 'yar Kwatano mai giyar hannu, wadda ta gama tsufanta a Amurka kafin ta iso mana. Na iya ta, don da ita na koyi tuƙi, amma ban taɓa wuce Kura da ita ba.

Mun bar gida da hantsi, ni da shi da yara biyu. Duk wadda ba ta taɓa bin hanyar Zariya da idon kallo ba, ta daure ta yi. Daga Kura zuwa Kadawa magudanan ruwa ne ke ratsa gonaki, ruwan madatsar Tiga da aka gama ginawa a 1974, shi ke ba mutanen yankin shinkafa da tumatir har da rani. A Kwanar Ɗangora muka karya hagu, hanya ta fara hawa da sauka, iska ta fara sanyi.

A Tudun Wada muka tsaya sallar azahar. Da muka dawo na take kuloci har ƙasa, na murɗa makulli. Shiru. Fitilun gaban direba duk sun kawo, hon yana ƙara tangararan, amma inji ko tari bai yi ba.

"Batir ne, Baban yara?"

"Ba batir ba ne. Da shi ne za ki ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun su dusashe. Sake takawa da ƙarfi."

Na taka har gwiwata ta amsa. Shiru dai.

A nan ya yi mini bayanin abin da ban taɓa sani ba duk shekarun da nake tuƙi. A jikin sandar kuloci, can sama inda ido ba ya kai, akwai wani ɗan makunni da bai fi babban yatsa ba. Sai an take kuloci ya danne shi sannan wuta za ta wuce zuwa kik ɗin da ke juya inji. An sa shi ne don kada mota ta tashi tana cikin giya ta zabura. Motocin giyar hannu da aka ƙera wa kasuwar Amurka kusan duk suna da shi. Idan ya mutu, mota lafiyarta ƙalau, amma ba ta san kin taka kuloci ba. Da zarar injin ya kama kuwa, ba ruwansa da tafiya.

Wasu samari masu sayar da rake suka turo mu. Makulli a buɗe, giya ta biyu, kuloci a ƙasa, da ta ɗauki gudu na saki ƙafa, ta yi tsalle ta kama. Suka bi mu da tafi, wani yana cewa, "Hajiya direba!" Na yi dariya, amma cikina ya ɗuri ruwa, domin na san abin da ke gabana.

Dajin Falgore, wajen kilomita 150 daga Kano, hanyar Jos ce ta raba shi biyu. Daji ne na gaske, dogayen itatuwa kan da kan, ciyawa ta fi mutum tsawo, ga duwatsu jefi-jefi. Ya yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi da ɓarayin shanu, har a 2017 sojoji suka mai da shi wurin atisayensu. Da kaka yana da kyau ƙwarai, sai dai ni ba kyan nake gani ba. Lissafina ɗaya: idan injin nan ya mutu, wa zai tura? Mai ɗori, ko yaro ɗan shekara 9, ko autata 'yar shekara 4?

'Yar'uwa, ba ki sanin sau nawa kike barin mota ta mutu sai ranar da aka hana ki. Kowane rami sai na taka kuloci tun daga nesa. A shingen jami'an tsaro na tsaya ƙafata tana rawa, na gaishe su injin na kunne. Yara suna ihun sun ga birai a bakin titi, ni ko waiwaye ban yi ba.

Garken shanu ne ya kayar da ni. Suna tsallaka titi a kan wani ɗan tudu, na tsaya, da suka wuce na yi gaggawar sakin kuloci, motar ta shaƙe ta mutu. Babu mota gaba, babu baya. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har kukan tsuntsaye sai ya zame mini abin tsoro. Maigida bai ɗaga murya ba, Allah ya saka masa.

"Maman yara, kin riga kin haye tudun. Sa giya ta biyu, take kuloci, saki birki. Gangaren zai tura mu."

Da ƙyar ta motsa, kamar mai jin kunya. A hankali ta fara gangarawa, na ƙirga har goma, na saki ƙafa. Ta kama. Ban sake cewa uffan ba sai da muka ga rufin kwanon Doguwa.

A can wani mai wayarin ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya zare filogin makunnin, ya haɗe wayoyin biyu da guntun waya, ya naɗe da salatif. Minti 5 bai cika ba. Ya ce masu jan ƙafa huɗu na irin motar ma suna da wani maɓalli da ke tsallake makunnin, tamu ce ba ta da shi. Ya kuma ce, "Hajiya, yanzu fa ko ba kuloci za ta tashi. A riƙa duba giya." Na ce to, hankalina yana kan la'asar.

Riruwai gari ne a cikin duwatsu, mai sanyi kamar ba a jihar Kano ba. Tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a wurin, har yanzu tsofaffin ramukan suna nan. Gidan surukata a kan gangare yake, birkin hannunmu kuwa ba abin dogaro ba ne, don haka na bar motar a giya ta ɗaya, na sa dutse a tayar baya.

Da safe na fito in ɗuma inji kamar yadda na saba. Ban shiga ba, hannu kawai na zura ta taga na murɗa makulli. Motar ta zabura gaba, madubi ya buge ni a kafaɗa, ta take turmin Inna, ta kwantar da dangar kara, sannan ta mutu a jikin rumbu. A kan turmin nan autata take zaune tana shan koko, Inna ta kira ta ɗaki ta sa mata rigar sanyi bai fi minti 2 ba. Kofinta na tsinta a ƙarƙashin taya.

Inna ta fito ta dubi danga, ta dubi turmi, ta dube ni. "Ba komai, 'yar nan, turmi ne." Sai da ta faɗi haka ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa.

Mun ɗoro buhu 8 na masara muka dawo. Kafin mu taso na rubuta "DUBA GIYA" a takarda na manna a sitiyari, makulli kuwa a lalitata ya kwana. Washegari ƙanen maigida ya je Ƙofar Ruwa ya sayo makunnin, kuɗinsa bai kai na sabon turmin da na aika wa Inna ba. Na tsaya a kan mai gyaran har ya warware salatif ɗin nan, na sa shi ya murɗa makulli ba kuloci, na ji shiru, sannan na biya shi.