Iskar Ƙirji Ita Ce Gorar Mutum a Cikin Ruwa

Duk wanda ya taɓa leƙa tukunyar romo ya san kitse da mai su ke tasowa sama, nama da ƙashi kuwa su kwanta a gindi. Haka jikin ɗan Adam yake idan ya shiga ruwa. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu mazauna Bololo, domin kogin Chari na kusa da mu, yaranmu kuma ba sa jin kira idan zafi ya tsananta.

Ga yadda lissafin yake. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Lita ɗaya ta kitse gram 900 ce, shi ya sa yake tasowa. Sauran jiki kuwa, wato tsoka da ƙashi da makamantansu, kimanin kilo 1 da gram 100 ne a kowace lita, saboda haka sai ya nutse. Abu na uku shi ne iska. Huhun babban namiji yakan ɗauki wajen lita 6 idan ya cika, kuma ko ya fitar da numfashi iya ƙarfinsa, sai lita 1 da 'yan kai ta rage a ciki.

Da wannan ilimi ne wani likitan sojan ruwan Amurka, Albert Behnke, ya fito da hanyar auna kitsen jiki a 1942. Ana auna mutum a tudu, sannan a zaunar da shi a kujerar da aka rataye a jikin sikeli, ya fitar da numfashi, a nutsar da shi duka. Mai kitse da yawa ba ya nauyi a ruwa, mai tsoka kuwa yana da sauran nauyi. Sai dai iskar nan da ta rage tana ɗaga mutum kamar yadda kitse ke yi. Idan aka yi kuskuren rabin lita a mutum mai kilo 70, lissafin kitsensa zai kauce da fiye da kashi 3 cikin 100.

Shi kansa ruwan yana sauya ƙirji. Idan ka tsaya ya kai maka wuya, yana matse ƙafafu da ciki, ya turo jini sama da rabin lita zuwa ƙirji, sai wurin iska ya ɗan ragu, jan numfashi ya yi nauyi. Wannan matsi shi ke firgita wanda bai saba ba.

A ajina nakan tambayi yara wane ne ruwa zai fi saurin ci, siriri mai ƙarfi ko mai ƙiba. Kusan kullum sai su nuna mai ƙiba. Daga nan in kawo bokiti da kwalba mai murfi da ɗan yashi a ciki. Muddin murfin na rufe tana yawo a sama, da na buɗe iska ta fita sai ta tafi ƙasa. Siririn yaron nan da ke alfahari da ƙwanji, iskar ƙirjinsa kaɗai ke riƙe da shi. Idan ya firgita ya yi ihu, ya buɗe murfinsa ke nan. Idan ya ɗaga hannuwa sama, kansa ne zai nutse. Abin yi shi ne ya kwanta rigingine, ya bar hannuwa a ruwa, ya cika ƙirji yana numfashi a hankali. Masuntan Argungu da gora suke shiga ruwa, to kowa Allah Ya ba shi tasa gorar a ƙirji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, da yawansu yara. Mun kuma ga yadda Chari da Logon suka cika suka shiga gidajen Walia a watan Oktoba na 2022. Iskar ƙirji tana hana nutsewa, amma ba ta hana igiyar ruwa tafiya da mutum. Don haka iyaye, a koya wa yaro kwanciya a kan ruwa inda bai wuce ƙugu ba, babba na tsaye kusa da shi, in kogi ya kawo kuma a hana shi zuwa sam. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.