Aiki da Godiya

Ya kai ɗalibi, na tabbata gaisuwa ce abu na farko da malaminka ya koya maka a darasin Hausa. Wataƙila ka haddace ta ne domin jarrabawa, amma ina so ka sake duba ta a tsanake. Idan aka tambayi Bahaushe, "Ina aiki?" sai ya ce, "Aiki da godiya." Idan damina ce aka ce masa, "Ina ruwa?" sai ya amsa, "Ruwa ya yi gyara." Ko da hunturu ya tsananta aka ce masa, "Ina sanyi?" amsarsa ita ce, "Lokacinsa ne." Mai irin waɗannan amsoshi yana kallon aiki da ruwan sama da sanyi a matsayin kyauta daga Allah.

Ni ma kamar kai nake, ba a cikin Hausa aka haife ni ba. Na tashi a wani ƙauye kusa da Kachia, a kudancin Jihar Kaduna, kuma muna da harshenmu na gida. Na koyi Hausa a kasuwa da kuma coci, domin da ita ake wa'azi, da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932. A nan ne na lura cewa abin da gaisuwa take koyarwa ya zo daidai da abin da addinina na Kirista yake koyarwa.

A sura ta 16 ta Littafin Fitowa an ba da labarin Isra'ilawa a jeji, inda Allah ya ciyar da su shekara arba'in da wani abinci da ake kira manna. Da safe suke samunsa a ƙasa, kowa ya tsinci abin da zai ishe shi na yini. Waɗanda suka ɓoye saura domin gobe sun tarar ya yi tsutsa ya yi wari. Haka kuma a addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, abincin yini ɗaya ake roƙo. Darasin a fili yake: kullum-kullum ake ba mu rai, kuma kullum ya kamata mu karɓe shi da murna.

Amma ɗan Adam mai mantuwa ne. Bisharar Luka, sura ta 17, ta ba da labarin kutare goma da Yesu ya warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya. Idan wanda aka raba da kuturta zai manta, ina ga wanda bai taɓa rasa lafiya ba? Abin da muke samu kullum shi ne muka fi saurin rainawa. Kai ma wataƙila kana jiran wata babbar rana kafin ka yi farin ciki: ranar da sakamakon jarrabawa zai fito, ko ranar da za ka shiga jami'a. Buri abu ne mai kyau, ka riƙe naka da ƙarfi. Sai dai irin waɗannan ranaku ba su da yawa a rayuwar mutum. Sauran kwanakin na shara ne da ɗiban ruwa da zuwa makaranta. Wanda ya ƙi jin daɗinsu ya yi asarar mafi yawan rayuwarsa.

Za ka iya cewa godiya tana da sauƙi ga wanda cikinsa ya cika. To, saurari abin da na gani da idona. Mutanen yankinmu da noman citta suka dogara. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta, ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma da yawa suka rasa har irin shuka. Da kaka ta yi, cocinmu ya yi bikin godiya kamar yadda aka saba, inda kowa yake kawo wani abu daga amfanin gonarsa. Na ga wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda gonarta ta ƙare ƙaf, ta taso cikin jerin Zumuntar Mata ɗauke da mudun acca ɗaya a ka, tana rawa. Bayan an tashi na je na yi mata jaje. Sai ta ce mini, "Ɗana, citta ce ta ruɓe. Hannuwana suna nan, jikokina sun kwana lafiya." Ba ta musa asararta ba, kuma na san ta zubar da hawaye a kanta. Ta dai ƙi yarda abin da ta rasa ya rufe mata ido daga abin da ya rage.

Hausawa suna cewa yaba kyauta tukwici. Tukwici shi ne ɗan abin da ake ba wanda ya kawo maka kyauta, alamar ka ji daɗi. Ba mu da abin da za mu biya Allah da shi, sai yabo da kuma kyautata wa bayinsa. Saboda haka, ko wane addini kake bi, ka gwada wannan: ka gode wa wadda ta dafa maka abinci, ka gaida maƙwabcinka da sakin fuska, ka raba abin da kake da shi da abokin da bai karya kumallo ba. In dare ya yi, ka tuna abubuwa uku da ka samu a ranar ba da ƙarfinka ba, ka yi godiya kafin barci ya ɗauke ka.